Talla ce ko albashi? Tambayoyi da amsoshi kan biyan 'yan wasan jami'o'in Amurka

Tun daga ranar 1 ga Yulin 2021 ɗalibin da ke buga wa jami'arsa wasa a Amurka yake da damar karɓar kuɗi da sunansa. Kafin wannan rana, ko abincin dare wani attajiri ya saya masa yana iya jawo masa dakatarwa. Ga tambayoyin da aka fi yi kan lamarin, da amsoshinsu.

Wasan makaranta ne fa, kuɗin me ake rigima a kai?

Wanda bai san Amurka ba zai ɗauka wasa ne da ɗalibai ke yi da yamma bayan an tashi daga lacca. Filin ƙwallon ƙafar Amurka na Jami'ar Michigan yana cin mutum 107,601, kuma babu filin da ya kai shi girma a duk ƙasar, har da na ƙwararru. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsa kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai daga 2023. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris kaɗai, an tsawaita kwangilar nuna ta kan dala biliyan 8.8 har zuwa 2032. A Nuwamban 2023 Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher, kuma kuɗin sallamarsa ya haura dala miliyan 75. Wato an biya shi wannan kuɗi ne don ya daina aiki.

Shi kuwa yaron da ake kallo, wanda ke karya ƙafa da kafaɗa, abin da yake samu a da bai wuce kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai ba. Kuma ba shi da wata hanyar kirki ta kauce wa jami'a, domin NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya shekara uku da gama sakandare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wa ya hana su karɓar kuɗi a da?

Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, wadda aka kafa a 1906, hedkwatarta tana Indianapolis, kuma jami'o'i sama da 1,000 ne mambobinta. Hujjarta ita ce waɗannan ɗalibai ne masu wasa don sha'awa, kuma da zarar kuɗi ya shiga, abin ya tashi daga wasan makaranta.

Laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" da hukumar ke alfahari da shi yana da tarihi mara daɗi. Walter Byers, babban daraktanta na farko, shi ya yaɗa shi a shekarun 1950, lokacin da 'yan wasan da suka ji rauni suka fara neman diyya irin ta ma'aikata. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya mutu sakamakon bugun da ya samu a ka yana cikin wasa a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyya, kotu ta ce mijinta ba ma'aikacin makaranta ba ne, ta tashi a tutar babu.

Dokar ta kai ga abubuwan ban dariya. A 2010 an dakatar da 'yan wasa biyar na Ohio State saboda sun sayar da zobba da rigunan da aka ba su kyauta, wasu kuma an yi musu zanen jiki a farashi mai rahusa. A 2017 Donald De La Haye na Jami'ar Central Florida ya rasa gurbinsa saboda ya ƙi daina samun kuɗi daga bidiyoyinsa na YouTube. Reggie Bush ya mayar da kambun Heisman na 2005, wanda ake ba gwarzon ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, a shekarar 2010 saboda kyaututtukan da shi da iyayensa suka karɓa. Sai a Afrilun 2024 aka dawo masa da shi.

Su wane ne attajiran da ake ta ambata?

Amurkawa na kiransu busta. Mu da iyayen ƙungiya za mu kira su: tsofaffin ɗalibai da masu hali na gari, dillalan motoci, masu rijiyoyin mai, manyan lauyoyi, waɗanda ke zuba kuɗi a sashen wasanni na jami'ar da suke so. Su ke gina filaye, su ke haɗa kuɗin korar koci idan ya gaza. Dokar da ta ba su damar ba makaranta kyauta, ita ce ta hana su ba ɗan wasa ko sisi.

Ba su taɓa bin ta ba. Abin da ya fi shahara shi ne na Jami'ar SMU da ke Dallas. An gano cewa daga 1985 zuwa 1986 an biya 'yan wasa 13 jimillar dala 61,000 daga wani asusun ɓoye, alhali makarantar tana cikin wa'adin jan kunne kan irin wannan laifi. Bill Clements, wanda ya shugabanci majalisar gudanarwar jami'ar kuma ya yi gwamnan Texas, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan. NCAA ta soke kakar wasan 1987 gaba ɗaya, makarantar da kanta ta haƙura da ta 1988, kuma sai da ta shafe shekara ashirin ba ta farfaɗo ba. A Michigan wani mai suna Ed Martin ya ba 'yan ƙwallon kwando huɗu, ciki har da Chris Webber, dala 616,000. A 2017 kuma hukumar FBI ta bankaɗo yadda wani jami'in kamfanin Adidas ya shirya biyan iyalan wani yaro dala 100,000 don ya zaɓi Louisville, abin da ya ci kujerar koci Rick Pitino.

Saboda haka duk mai cewa kuɗi ya shigo wasan jami'a a 2021 bai san tarihin ba. Ya daɗe a ciki, ta bayan fage kawai yake bi.

Me ya rushe tsohon tsarin?

Kotu da majalisun jihohi, ba tausayin hukumar ba.

Ed O'Bannon ya ci kofin ƙwallon kwando na ƙasa da Jami'ar UCLA a 1995. Shekaru bayan haka, yana aikin sayar da motoci, sai aka nuna masa wani wasan kwamfuta na kamfanin EA Sports. Ga wani ɗan wasa nan mai irin tsayinsa, da lambar rigarsa, da sanƙonsa, yana jefa ƙwallo da hannun hagu kamar yadda yake yi. Suna kawai aka cire. Babu wanda ya nemi izininsa, balle a biya shi. Ya kai ƙara a 2009, kuma a Agustan 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke hukuncin cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa.

A ranar 30 ga Satumban 2019 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar da ta hana jami'o'in jiharsa hukunta ɗalibi don ya yi talla. Sauran jihohi suka ga za a kwashe musu gwanaye, kowa ya ruga ya yi tasa. Sai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 21 ga Yunin 2021 a shari'ar Alston, inda dukkan alƙalai tara suka juya wa NCAA baya. Shari'ar kanta kan tallafin da ya shafi karatu ce kawai, irin su kwamfuta da kyautar ƙwazo. Amma mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin, cewa irin wannan tsari da a kusan kowace sana'a ce a Amurka da tuni an haramta shi. Hukumar ta gane inda aka dosa. Kwana goma bayan haka ta buɗe ƙofa.

Mene ne NIL?

Taƙaita kalmomin Turanci uku ne: suna, hoto da kamanni. Ma'anarsa ɗan wasa na da ikon sayar da waɗannan ukun. Ya tallata kaya a Instagram ko TikTok, ya sa hannu a riga a biya shi, ya buɗe sansanin horar da yara, ya sayar da hula mai sunansa.

Akwai tallar da talla ce ta gaskiya. Caitlin Clark, tana Jami'ar Iowa, ta ƙulla yarjejeniya da Nike da Gatorade da State Farm, kuma babu mai shakkar cewa fuskarta na sayar da kaya. Akwai wani yaro a Nebraska mai suna Decoldest Crawford. Sunan nasa a kunnen Bature yana nufin wanda ya fi kowa sanyi, sai wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya ɗauke shi talla a 2022, bidiyon ya zagaye ƙasar. Kamfanin EA ma ya dawo da wasansa a 2024, ya ba kowane ɗan wasan da ya amince dala 600 da kwafin wasan.

Amma mafi yawan manyan kuɗaɗen ba daga irin wannan hanya suka fito ba.

To daga ina?

Daga asusun karo-karo. Dokar wucin gadi ta 2021 ta ce a yi talla, amma kada a biya mutum don ya buga wasa, kada kuma a yi amfani da kuɗi a jawo shi wata makaranta. Iyayen ƙungiya suka duba suka ga ɓaraka. Sai suka kafa kamfanoni ko gidauniyoyi da a takarda ba su da alaƙa da jami'a, suka tara kuɗi daga manyan attajirai da ƙananan magoya baya masu biyan wata-wata. Asusun zai ƙulla kwangila da ɗan wasa: ka halarci taron sadaka sau biyu, ka wallafa saƙo uku a shafinka, ga dala dubu ɗari. Kowa ya san ba saƙon ake saye ba.

A Jami'ar Texas wata gidauniya ta yi alkawarin dala 50,000 a shekara ga kowane ɗaya daga cikin ƙartin da ke tare wa mai jefa ƙwallo abokan gaba, mutanen da ko maƙwabcinsu ba lallai ya gane fuskarsu ba. A Miami lauya John Ruiz ya sanar da kansa a 2022 cewa kamfaninsa ya ba Nijel Pack dala 800,000 na shekara biyu da mota. A Utah an ba 'yan wasa 85 hayar motocin a-kori-kura sababbi a 2023. Daraktan wasannin Ohio State ya faɗa da bakinsa cewa 'yan ƙwallonsu na kakar 2024 sun samu kusan dala miliyan 20. A Janairun 2025 suka ɗauki kofin ƙasa.

A ganina albashi ne aka sa masa rigar talla. Kuma rigar ce ta haifar da yawancin matsalolin da ke ƙasa.

Ana iya sayen yaron da bai ma shiga jami'a ba?

A takarda a'a, a aikace e. A Mayun 2022 koci Nick Saban na Alabama ya zargi Texas A&M da sayen duk yaran da ta ɗauka a shekarar, Jimbo Fisher ya kira taron manema labarai ya yi masa wankin babban bargo. NCAA ta yi yunƙurin hukunci. A Janairun 2024 ta ladabtar da Florida State bayan wani mataimakin koci ya ɗauki ɗan wasa a motarsa ya kai shi wurin wani uban ƙungiya, wanda ya yi masa tayin kusan dala 15,000 a wata.

Da ta juya kan Tennessee, kan batun Nico Iamaleava da rahotanni suka ce ya sa hannu a kwangilar dala miliyan 8 tun yana sakandare, sai ta gamu da gamonta. Manyan lauyoyin gwamnatin jihohin Tennessee da Virginia suka maka ta a kotu, kuma a Fabrairun 2024 mai shari'a Clifton Corker ya dakatar da ita daga hana yara yin ciniki kafin su zaɓi makaranta. Daga nan aka daina ɓoye-ɓoye. A Nuwamban 2024 Bryce Underwood, wanda ake ganin ya fi kowane ɗan sakandare a ƙasar, ya fasa zuwa Jami'ar LSU ya koma Michigan, kuma asusun magoya bayan Michigan ya fito fili ya gode wa hamshaƙin attajiri Larry Ellison.

A haɗa wannan da sauƙin sauya sheƙa. A da wanda ya canza makaranta a manyan wasanni sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Tun 2024 yana iya canzawa ko sau nawa ya shiga fili nan take, matuƙar karatunsa na tafiya daidai. Shi kansa Iamaleava a Afrilun 2025 ya rabu da Tennessee ana tsaka da rahotannin saɓani kan kuɗi, ya koma UCLA.

Idan aka yi wa yaro alkawari ba a cika ba fa?

Nan ne rigar tallar ke yin ɓarna. Jaden Rashada ya riga ya yi wa Miami alkawari, sai a Nuwamban 2022 ya juya zuwa Florida bisa kwangilar dala miliyan 13.85 na shekara huɗu. Kafin alƙalami na dala 500,000 ya kamata ya shigo a farkon Disamba. Bai shigo ba, sai takardar soke kwangila. Yaron ya nemi a sake shi, ya tafi Arizona State, daga can Georgia. A Mayun 2024 ya kai ƙarar kocin Florida Billy Napier da wani attajiri, yana zargin yaudara. Ku lura, ba jami'a ce ta sa hannu a waccan kwangila ba, don a lokacin doka ta hana ta. Da abin ya watse, kowa ya zame.

Na Matthew Sluka ya fi ƙanƙanta amma ya fi nuna yadda kasuwar take. Ya koma UNLV a Las Vegas a 2024, ya ja ragamar ƙungiyar ta ci wasa uku a jere. Sai ya sanar da cewa ya ajiye. Wakilinsa ya ce wani mataimakin koci ya yi alkawarin dala 100,000 da fatar baki, amma dala 3,000 kawai suka gani. Makarantar ta ce buƙatun da aka gabatar mata sun saɓa wa doka. Babu takarda, babu shaida. Ya tsaya a wasa na uku ne saboda wanda bai wuce wasa huɗu ba, ba a lissafa masa shekarar cikin shekarunsa na wasa.

Dillalai ma wani babi ne. A NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke tantance wakilai, kuma la'adarsu ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari. A jami'a babu irin wannan ƙungiya, saboda haka kawu ko tsohon kocin unguwa ko duk wanda ya iya baki yana iya zama wakili.

Yanzu jami'a na biya da hannunta?

E, tun 1 ga Yulin 2025. Grant House, ɗan wasan ninƙaya na Arizona State, da wasu sun kai ƙara kan kuɗin da aka hana su samu a baya. NCAA da manyan rukunoni suka zaɓi sulhu, kuma Claudia Wilken, ita dai ta shari'ar O'Bannon, ta amince da shi a ranar 6 ga Yunin 2025.

Za a biya kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma ga waɗanda suka buga tun daga 2016. Kowace jami'ar da ta shiga tsarin tana iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin kuma zai riƙa ƙaruwa. An maye iyakar yawan tallafin karatu da iyakar yawan 'yan wasa, misali 105 a ƙwallon ƙafar Amurka. Sannan duk yarjejeniyar waje da ta kai dala 600 sai an kai ta wani dandali mai suna NIL Go, wanda kamfanin Deloitte ke gudanarwa, a duba ko kasuwanci ne na gaske kuma farashin bai zarce hankali ba. An kafa sabuwar hukuma, College Sports Commission, ta sa ido.

Kuɗin daga ina? Wani ɓangare daga aljihun ɗan kallo. Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin 2025, ta kuma faɗa ƙarara cewa na biyan 'yan wasa ne.

Ke nan an gama da iyayen ƙungiya?

Ina! Da yawa sun yi sauri sun biya kuɗin kaka guda kafin ranar da tantancewa za ta fara aiki. A Yulin 2025 sabuwar hukumar ta fitar da sanarwar da ta kusa rufe asusun karo-karo, lauyoyin 'yan wasa suka yi ca, kafin watan ya ƙare ta sassauta. Dala miliyan 20.5 iyaka ce ga makaranta, ba ga attajiri ba, kuma attajirin da ke da kamfani na gaske ba zai rasa abin da zai ce a tallata masa ba.

Kowa ke samun miliyoyi?

A'a. Ɗaliban da ke wasa ƙarƙashin NCAA sun haura 500,000, kuma akasarinsu abin da ke shigo musu bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ko abinci kyauta a wani shago. Makarantu da yawa sun raba kasonsu kamar haka: kusan kashi 75 ga ƙwallon ƙafar Amurka, 15 ga kwandon maza, 5 ga kwandon mata, sauran 5 ga duk ragowar wasanni. Wasu mata 'yan wasa sun ɗaukaka ƙara kan rabon kuɗin baya, suna kafa hujja da dokar 1972 da ta hana bambanta maza da mata a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati.

Kuɗin kuma ana biya masa haraji, abin da yaro ɗan shekara 18 kan manta sai takarda ta iso.

'Yan Afirka da ke wasa a can fa?

Najeriya ta daɗe tana bin wannan hanya: Hakeem Olajuwon a Houston, Blessing Okagbare da Tobi Amusan a UTEP, Divine Oduduru a Texas Tech, Favour Ofili a LSU. Amma ɗalibin waje yawanci da bizar karatu ta F-1 yake shiga, wadda ta taƙaita masa yin aikin kuɗi a cikin Amurka ƙwarai. Ɗaukar hoton talla aiki ne. Wanda ya karya sharaɗin yana iya rasa bizar, ba gurbin wasa kawai ba.

Oscar Tshiebwe ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwando na jami'o'i a 2022, ya nuna dabarar da ake yi. Da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je wasannin share fage a tsibirin Bahamas a watan Agustan shekarar, sai ya yi amfani da 'yan kwanakin wajen ɗaukar hotunan talla da sa hannu a kaya, tunda ƙafarsa ba ta kan ƙasar Amurka. Abin da abokan wasansa ke yi a ɗakin kwanansu, shi sai da ya tsallaka teku.

Iyayen da wani ya zo musu da zancen zai kai ɗansu jami'a a Amurka ya riƙa kwasar kuɗin talla, su nemi ganin takardar tayi daga makarantar kanta, su kuma tuntuɓi ofishinta na ɗaliban waje kafin a sa hannu a komai.

To ɗalibai ne ko ma'aikata?

Wannan ce tambayar da aka shekara saba'in ana kewaye ta. Jami'a na biyansu, tana tsara musu lokacin tashi da na atisaye, wasu kwangilolin ma suna da tarar da za a biya idan an sauya sheƙa. Duk da haka ba a yarda a kira su ma'aikata ba, domin ma'aikaci na da haƙƙin kafa ƙungiyar ƙwadago, da diyyar rauni, da zama a teburin ciniki. A NFL da NBA iyakar albashi ta tsaya ne saboda ƙungiyar 'yan wasa ta amince da ita. A jami'a an sa iyaka ba tare da irin wannan ƙungiya ba, shi ya sa kowace sabuwar doka ke ƙarewa a gaban alƙali.

A Maris na 2024 'yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 don shiga ƙungiyar ƙwadago, amma a ƙarshen shekarar aka janye buƙatar, ganin gwamnati za ta canza a Washington. A Yulin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Johnson, ta ce ba za a kore yiwuwar 'yan wasa su zama ma'aikata ba don kawai an saba kiransu masu wasan sha'awa. Shugaban NCAA Charlie Baker, tsohon gwamnan Massachusetts, yana ta zarya a majalisar dokokin tarayya yana neman dokar da za ta ce ba ma'aikata ba ne, ta kuma kare hukumar daga ƙararraki. Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni game da lamarin a Yulin 2025, amma umarnin shugaba ba ya maye gurbin doka. Har 2025 ta ƙare majalisar ba ta zartar da komai ba.